Gidan Adar a Finafinan Iyali

Fim ɗin iyali shi ne wanda labarinsa ke gudana tsakanin zaure da tsakar gida da ɗaka. Aure da saki, kishi, haihuwa da rashinta, zaman ɗa da uba, da abin da mata da miji ke faɗa wa juna bayan an kashe fitila, su ne kayan aikinsa. A ƙasar Hausa kusan duk irin wannan fim na masu zaman kansu ne, domin babu wani babban kamfani ko asusun gwamnati da ya taɓa riƙe sana'ar na dogon lokaci. Mutum ɗaya ne ko ƴan ƙungiya kan tara kuɗi, su ari gida, su ɗauka. Shi ya sa batun gidan wa ake nunawa, da bakin wa ake magana, da wanda aka bari a waje, ba ya rabuwa da inda kuɗin ya fito da inda ake sa ran sayar da fim ɗin.

Ibohamane wuri ne mai kyau na auna wannan batu. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Keita ta jihar Tawa, cikin duwatsu da kwaruruwan Adar, Buza da Madawa na kudu da ita. Hausawa da Abzinawa da Fulani na cin kasuwa ɗaya a yankin, kuma auratayya ta daɗe tsakaninsu. Da an gama girbi sai maza su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Najeriya ko Kamaru, wasu Libiya, wani ya dawo da faɗuwar damina, wani ya shekara biyar ba a gan shi ba. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, yawancin waɗanda suka ɗebi duwatsu suka haƙa ramukan dashe mata ne, saboda mazan ba sa gari. Gidan da aka saba gani a nan, ke nan, shi ne na mace da ƴaƴanta da surukanta, da miji wanda a da ake jin labarinsa a kaset ɗin saƙo, yanzu kuma a waya. Wannan gida ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya shiga fim.

Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fara fim da wuri, kuma da aure ta fara. A 1962 Moustapha Alassane ya yi Aouré, gajeren fim kan neman aure da biki a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi. Shekara goma bayan haka ya fito da F.V.V.A., labarin ƙaramin ma'aikaci da iyayensa suka yi wa aure, hidimar gida da son burga suka kai shi ga taɓa kuɗin ofis, ya ƙare a gidan kaso. Oumarou Ganda kuwa tsohon soja ne da ya yi wa Faransa yaƙi a Asiya, Jean Rouch ya fara sa shi a fim a Abijan, daga baya ya kama kyamara da kansa. A fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wani alhaji ya dawo daga Makka ya ɗauki yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta ta zama matarsa ta uku, matarsa ta biyu ta ƙulla kashe amarya, kisan ya faɗa kan wata daban. Fim ɗin ne ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita.

Wanda ya kalli waɗannan finafinai yau zai yi mamakin ƙarfin halinsu. Alhaji ba ya tsira don ya je Makka. A Saïtane na Ganda, malamin tsibbu ne ɗan aike tsakanin matar aure da attajirin da ke nemanta. Shekara talatin bayan haka, da wuya a sami mai shirya fim a Kano da zai taɓa irin wannan labari ya kwana lafiya. Amma iyakarsu ma a fili take. Zabarmanci da Faransanci ake yi a mafi yawansu, Yamai da ƙauyukan kogi ake nunawa, kayan aiki na hannun ofisoshin haɗin gwiwar Faransa, a Faris ake wanke fim. Maza ne ke bayan kyamara. Matar da ta fi fitowa a cikinsu, Zalika Souley, ta sha zagi a gari saboda jama'a ba su raba ta da mugayen matan da take kwaikwayo ba, abin da Rahmatou Keïta ta tattara daga baya a fim ɗinta Al'lèèssi. Mariama Hima, wadda ta fara riƙe kyamara cikin matan Nijar a shekarun 1980, masu sana'ar hannu na Yamai ta ɗauka, ba ta shiga ɗaka ba. Mutumin Adar kuwa, in ma ya shiga gidan silima a birni, fim ɗin Indiya ko na ƴan karate zai tarar. Abin lura shi ne Alassane da kansa a Tawa ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, yana aikin zanen katun, har rasuwarsa a 2015, amma tsofaffin finafinansa sun fi yawo a bukukuwan Turai fiye da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Gidan Bahaushe a wasan kwaikwayo ya fara bayyana, a rediyo da talabijin na gwamnati da dandalin samariya na zamanin Seyni Kountché. Ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna a wannan fage, kuma yawancin wasanninta cikin gida suke: mai gida, uwargida, ɗan da ya ƙi jin magana. Wasa ne na gargaɗi, ana dariya ana ɗaukar darasi, kuma ba a zurfafa cikin zuciyar mutum ɗaya. Fim ɗin silima kuwa ya fara durƙushewa tun bayan rasuwar Ganda a 1981. Kuɗin yuraniyom ya ja baya, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

A wannan giɓi ne kaset ɗin Kano ya shigo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubutan littattafan soyayya suka biyo baya suna mayar da littattafansu fim, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi da In Da So Da Ƙauna. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kaset na tsallaka iyaka ta Ƙonni da Maraɗi, ƴan biɗa na dawowa da shi cikin kaya, gidajen kallo masu janareto na buɗewa a garuruwan da ba su taɓa ganin silima ba. Wannan sauyi babba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. A karon farko macen da ba ta jin Faransanci ko Indiyanci ta zauna ta ji rigimar kishiya da ta uwar miji da harshen da take mafarki da shi. Wasu labaran ma daga alƙalamin mata suka fito. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka mayar fim a 1998, labarin Rabi ne da miji ya kora da ƴaƴanta bayan ya ƙaro aure, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Matar da aka saki da ƴaƴa ba baƙuwa ba ce a kowane ƙauye, kuma ganin ta a tsakiyar labari, ba a gefe ba, sabon abu ne a lokacin.

Yadda finafinan Kano suka nuna kusanci tsakanin mace da namiji shi ne abin da aka fi muhawara a kansa. Kunya ta hana taɓa jiki, sai waƙa da rawa irin na finafinan Indiya suka ɗauki wannan aiki: abin da saurayi ba zai faɗa a zaure ba, sai ya rera shi a lambu. Sangaya da Wasila sun kafa wannan salo a wajajen shekarar 2000. Daga 2001 kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta mayar da kunyar doka, kuma dokar ta tsananta tsakanin 2007 da 2011. Ko a 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi a bidiyon waƙa. Wannan takura ta haifar da wata gwaninta da ba kowa ke lura da ita ba. Miji ya ƙi cin abincin da aka ajiye masa, mai kallo ya san an yi faɗa. Mata ta kira shi Alhaji a wurin da ta saba cewa Yaya ko Baban wane, an san zuciya ta yi nisa. Amarya ta sauke mayafi ta ɗan juya fuska, an gama magana. Mai kallo na Adar ba ya bukatar a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai takurar ta yi hasara ita ma. Matsalolin da ke kashe aure a ɓoye, irin su rashin lafiyar namiji, ko tsoron da ƙaramar yarinya ke shiga a daren farko, an fi wuce su da habaici ko a mayar da su abin dariya.

Babbar matsalar dai ita ce gidan da ake nunawa. Gidan bene ne mai get da mai gadi, falo da kujerun alfarma, mota biyu a tsakar gida, miji ɗan kasuwa da ke dawowa kowace yamma. In an je ƙauye, to dariya aka je nema, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro da abokan wasansa sun gina sana'a sukutum a kan wannan. Kananci shi ne bakin jarumi. Hausar yamma, wadda Sakkwato da Gobir da Adar ke yi, an fi ba wa mai barkwanci. Ba'abzine in ya fito, mai gadi ne da rawani da butar shayi, Hausarsa a karye, ba a taɓa bin sa gida a ga matarsa ba. Ƴan Nijar sun shiga masana'antar, mawaƙiya Fati Nijar daga Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shahara, kuma Hadiza Gabon daga Libreville ta zo ta zama tauraruwa, amma duk wanda ya shiga sai ya gyara harshensa ya koma na Kano. Dalilin ba ƙiyayya ba ce. Dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke ba da kuɗi, su ne ke sayen fim kafin ya fita, kuma abin da suka san zai tafi a Kano da Kaduna shi suke so a maimaita. Mai kallo a Ibohamane ya sami harshensa, ko kusa da shi, amma gidan na wani ne.

Gidan Adar da kansa ta wata hanya ya shiga fim, hanyar da ba ta bi ta Kano ba. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 wasu matasan Nijar suka sami horo ƙarƙashin shirin Africadoc da jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal, suka koyi fim na gaskiya, wanda ake ɗaukar mutane cikin rayuwarsu ba tare da ƴan wasa ba. A ƙa'ida ba wasan kwaikwayo ba ne, amma mafi kyawunsu an gina su kamar labari, da mutum ɗaya da damuwa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma su ne suka yi aikin da ake jiran fim ɗin iyali ya yi. Sani Elhadj Magori, ɗan Galmi, wanda aikin gona ya karanta kafin fim, shi ne ya fi kusa da Ibohamane a cikinsu. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, ya bi wani manomin albasa mai suna Yaro tsawon kaka guda. Auren ƴarsa Salamatou na jiran kuɗin albasa, kuɗin albasa kuma na jiran farashin da ba Yaro ke yanke shi ba. Kyamara na tare da shi a fadama, tana tare da shi wurin ciniki, tana tsakar gida sa'ad da ake lissafin kayan ɗaki. Hausar da ake yi ta yankin ce, ba wanda ya gyara ta don wani. Abin da fim ɗin ya fito da shi kowa a Madawa da Buza ya sani: ranar ɗaurin aure ba a bakin masoya take ba, a kasuwa ake sa ta.

Fim ɗinsa na gaba, Koukan Kourcia, ya fi shiga jiki. Mahaifin Magori na cikin mutanen da suka tafi Abijan ba su dawo ba. A shekarun 1970 akwai wata zabiya mai suna Hussey, wadda waƙoƙinta ke zuga samari su bar gari su tafi neman arziki, har wanda ya zauna gida ya ji kunya. Magori ya je ya same ta da tsufanta, ya roƙe ta ta bi shi Abijan ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi, tun da waƙarta ce ta fitar da shi. Tafiyar tsohuwar a mota, haɗuwarta da mutanen da suka tsufa a baƙon wuri, da zaman ɗa gaban uban da ya girma ba tare da shi ba, su ne fim ɗin. Babu kuka mai yawa, babu tsawa. Ɗa ba ya tuhumar uba baki da baki, sai ya kawo wadda za ta faɗa a madadinsa, kuma wannan ita ce hanyar da aka saba bi a gida in magana ta fi ƙarfin yaro. Irin wannan labari na uban da ba ya nan an yi shi a Chadi ma, a Abouna na Mahamat-Saleh Haroun a 2002, inda yara biyu ke neman mahaifin da ya fita bai dawo ba. A finafinan Kano kuwa uba ya fi ɓata ta hanyar mutuwa ko ƙarin aure, ba safai ta hanyar biɗa ba.

Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta buɗe ƙofar da ta fi kowace nauyi. A L'arbre sans fruit na 2016 ta sa kanta a gaban kyamara a matsayin matar aure da ba ta haihu ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa, tana zama da wasu mata masu irin halinta. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, juya ba ta da wurin tsayawa: dangin miji na yi mata gori, ana ƙaro mata kishiya, kuma da wuya a ce miji ya je asibiti a duba shi. Finafinan Kano sun daɗe suna amfani da rashin haihuwa, amma a matsayin dalilin shigo da amarya, ko jarrabawar da ke ƙarewa da tagwaye a minti na ƙarshe. Macky ta ƙi ba da wannan sauƙi. Matan da ta nuna ba su haihu a ƙarshen fim ba, kuma abin da ake ji shi ne yadda suke kwana da tashi da abin. Fim ɗin ya ci kyautar AMAA a shekarar da ya fito.

A shekarar nan ta 2016 Rahmatou Keïta ta fito da Zin'naariya, wasan kwaikwayo kan wata ƴar sarautar Damagaram da ta dawo daga karatu a Faransa tana jiran saurayinta, tana sauraron labaran aure da rabuwa na matan da ke kewaye da ita. An yi Zabarmanci da Hausa da Fillanci a cikinsa, kuma shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. Kyawunsa na ido ne, tufafi da gine-gine da kwalliya, kuma gidan sarauta ne, ba na talaka ba. Amina Weira ita ma a wannan shekara ta nuna mahaifinta, tsohon ma'aikacin haƙar yuraniyom a Arlit, a La colère dans le vent. Cikin shekara guda mata uku sun fito da fim, biyu daga cikinsu a kan gidajensu, abin da ba a taɓa tunaninsa a zamanin Zalika Souley ba.

Abzinawa da Fulani ma sun fara samun gida a fim, ko da yake sau da yawa baƙo ne ke riƙe kyamarar. Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Ba'amurke Christopher Kirkley ya shirya a Agadas da makaɗin jita Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa, da Tamashek aka yi shi, kuma a tsakiyarsa akwai uba mai addini da ba ya son ɗansa ya yi kiɗa. Ba'abzine a nan yana da uba da budurwa da abokan hamayya, ba mai gadin kowa ba ne. A 2021 Aïssa Maïga, wadda a Faransa take aiki, ta fito da Marcher sur l'eau, wanda ta ɗauka a ƙauyen Tatiste na Azawak, inda wata yarinya Bafillata mai suna Houlaye ke riƙe ƙannenta saboda fari ya kori iyayenta neman abinci. Batun ruwa ne ya kawo kuɗin fim ɗin, amma abin da ya fi zama a zuciyar mai kallo shi ne yarinyar da ta zama uwa da uba tun ba ta gama girma ba.

A nan ne ake ganin matsalar wannan reshe. Kuɗinsa daga waje yake zuwa, daga asusun Faransa da na Tarayyar Turai, da tashoshin talabijin na can, da ƙungiyoyin agaji. Mai ba da kuɗi na da batutuwan da yake so: auren wuri, ƙaura, fari, lafiyar mata. Batutuwa ne na gaskiya, kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, amma in kullum da su ake shiga gida, sai gidan ya zama wurin matsala kawai, a manta ana dariya da raha a cikinsa. Sannan in an gama fim, bikin Wagadugu da na Turai yake fara zuwa, da fassarar Faransanci a ƙasa. Gidan silima na Canal Olympia a Yamai aka buɗe shi a 2017, tafiyar yini daga Keita. Majigin tafi-da-gidanka na Cinéma Numérique Ambulant na kai fim ƙauyuka, amma dare ɗaya ne ya wuce. Mai cajin waya a kasuwa, wanda shi ne ainihin mai rarraba fim a karkara yanzu, abin da ke cikin kwamfutarsa shi yake tura wa mutane a katin waya: finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa. Fim ɗin da aka ɗauka a Galmi zai iya zama an fi saninsa a Faris fiye da Tamaske da ke kusa da Keita.

Reshen Kano shi ma bai tsaya inda yake ba. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, aka koma shiri mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 kuma ake kama ta da tauraron ɗan'adam a Nijar, ta kawo Daɗin Kowa, labarin wani gari da Musulmi da Kirista da ƙabilu daban-daban ke zaune tare, da almajiri da ɗan ƙwaya da malamin da ya tara iyalin da ba zai iya riƙewa ba. Talaka a nan mutum ne mai labari, ba kayan dariya kaɗai ba. Daga 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye talabijin da YouTube. Tsawon zango ya ba da damar bin aure shekara da shekaru, a ga yadda yake lalacewa a hankali, wanda fim ɗin awa biyu ba ya iyawa. Mata masu shirya fim da kuɗinsu sun ƙaru. Amma kuɗin YouTube daga yawan masu kallo yake fitowa, masu kallo masu intanet kuma a birane da ƙasashen waje suke, don haka gidan bene bai bar wurinsa ba.

Akwai gidajen da har yanzu da wuya a gan su a kowane ɓangare. Matar ɗan biɗa ita ce ta farko: yadda take zama da uwar miji shekara uku, kuɗin da ake aikowa a hannun wa yake sauka, jita-jitar da ke bin ta in ta yi kwalliya, ranar da labari ya zo cewa ya yi wani aure a can, da ranar da ta je wurin alƙali neman a raba. Magori ya nuna ɓangaren ɗa, ɓangaren matar na jiran mai ɗauka. Na biyu shi ne gidan da asali ke raba aure. A Adar ana tambayar asalin mai neman aure, ko maƙeri ne, ko mahauci, ko jikan bayi, kuma amsar na iya rushe magana. Mafi tsanani shi ne al'adar wahaya, inda ake sayen yarinya a ajiye ta bayan mata huɗu ba tare da haƙƙin matar aure ba. Nijar ta sa hukuncin bauta a dokarta a 2003, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO (ECOWAS) ta yanke hukunci cewa gwamnati ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a yankin Ƙonni. Ƙungiyar Timidria ta daɗe tana aiki a kan batun. Labari ne na cikin gida tsantsa, da uwargida da ƴaƴa da gado a cikinsa, amma yana taɓa manyan gidaje, kuma mai shirya fim da zai zauna a garin bayan fim ya fita yana da dalilin yin taka-tsantsan. Auren Bahaushe da Ba'abziniya, da yaran da ke tashi da harshe biyu, shi ma bai sami mai ba da labarinsa ba, ko da yake ba abin ɓoyo ba ne.

Kayan aiki dai sun yi arha. Wayar da ke hannun saurayi a Keita ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya da ita kyawun hoto, kuma matasa a Tawa da Maraɗi da Damagaram na ɗora gajerun wasanni a Facebook da TikTok da bakin garinsu, yawancinsu na barkwanci ne kan miji da mata. Cibiyar fim ta ƙasa, CNCN, wadda Magori ya taɓa shugabanta, ba ta da asusun da zai ɗauki dogon fim a kai a kai. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka da Faransa ta yanke, hanyoyin tallafin da reshen Saint-Louis ya dogara da su suka ƙuntata, kuma a 2024 aka sauya wa cibiyar al'adu ta Jean Rouch da ke Yamai suna zuwa ta Moustapha Alassane. Masu shirya fim na Nijar yanzu na neman kuɗi a wurin ƴan kasuwa na gida, da tashoshin talabijin masu zaman kansu, da asusun ƙasashen waje da ba su rufe ƙofa ba.